Tare Iska a Kan Mashin: Gilashin Kai, Garkuwar Shok ko Ta Firam?

Duk wanda ke doguwar tafiya a kan mashin ya san inda gajiya ke taruwa: ƙirji, wuya, kafaɗu da yatsu. Iska ce ke jawo wannan, kuma ƙarfinta ba ya ƙaruwa daidai da gudu. Idan ka ninka gudu sau biyu, bugun iska yana ninkuwa sau huɗu. Abin da kake ji a kilomita 40 cikin awa wasa ne idan aka kwatanta da na kilomita 80. Ga kuma sanyi. A asubahin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, ma'aunin zafi yana sauka kusa da digiri 10 a Kano da Katsina da Maraɗi, a Jos ma ya kan yi ƙasa da haka. Wanda ke gudun kilomita 80 a irin wannan safiya, jikinsa yana jin sanyin digiri 4 ko 5 ne. Yatsun da suka ƙage ba sa saurin kama birki, don haka maganar ta wuce jin daɗi, ta shafi lafiyar tafiya.

Abubuwan tare iska da za ka iya ƙara wa mashin sun bambanta a girma da kuɗi, amma bambancin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne inda aka ɗaure su. Wani ana ɗaure shi a kai, wato abin tuƙin mashin, ko a jikin shok na gaba, yana juyawa duk inda ka juya kai. Wani kuwa a firam yake, yana nan daram ko ka karya kan hagu ko dama. Duk iskar da garkuwa ta tare maka ba ɓacewa take yi ba, wani wuri take komawa. Tambayar ita ce: hannunka za ta koma, ko jikin mashin?

Gilashin da ake ɗaurewa a kai

Wannan shi ne mafi sauƙi da araha, kuma shi ne yawancin masu Boxer da TVS da Haojue da Jincheng za su fara tunani. Farantin roba ne mai haske, da ƙarafa biyu ko huɗu da ke kama bututun kai. Kaurin bututun kan ƙananan mashina milimita 22 ne, na manyan mashinan Amurka irin Harley-Davidson kuma inci ɗaya ne, wato milimita 25.4. Ka auna naka kafin ka saya, domin maɗaurin da ya fi bututu faɗi ba ya kamawa ko ka cusa masa tsohon tib, sai dai ya riƙe kwana biyu ya fara zamewa baya.

Mai maɗauri biyu yana isa idan gilashin gajere ne, kamar santimita 30 zuwa 35. Idan ya kai 40 ko ya wuce, nemi mai huɗu: biyu a kai, biyu a notin fitila ko a jikin shok. Dalilin lissafi ne. Gilashi mai faɗin santimita 40 da tsawon 45, a gudun kilomita 80, yana ɗaukar turin iska na kusan kilo 5, a kilomita 100 kuma kusan kilo 8. Wannan turin yana can sama da maɗauri, yana ƙoƙarin kwantar da gilashin, ga girgizar hanya a kai. Maɗauri biyu kaɗai za su gaji, kuma gefen ramukan noti ne ke fara tsagewa.

Amfaninsa a fili yake. Yana ɗauke iska daga ƙirji da ciki, yana tare ƙwari da tsakuwar da tayar mota ke cillowa, ana ɗaura shi cikin awa guda da sifana 10 da makullin alan, ana cire shi cikin minti kaɗan. Aibinsa kuma shi ne duk iskar da ta zo daga gefe tana taɓa tuƙinka kai tsaye. Tirela ta wuce ka a hanyar Kano zuwa Zariya, za ka ji kan ya fizga. Iskar da ke gaban hadari a farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas da ƙarfi kafin ruwa ya sauka, ta fi wannan muni. Mashin mai nauyin kilo 110 zuwa 125 ba shi da jikin da zai danne irin wannan fizga idan gilashin ya yi girma. Shi ya sa a ƙaramin mashin, matsakaicin gilashi ya fi babba, ko da babban ya fi tare sanyi.

Garkuwar da ke jikin shok

Wannan ta fi gilashi zalla cika. Roba ce mai kauri ko faiba da ke kewaye fitila, ta miƙe gefe da gefe har ta rufe hannuwa, da ɗan gajeren gilashi a samanta. Wadda ta fi shahara ita ce ta Harley-Davidson Electra Glide, da ta fito a 1969, mai siffar fikafikan jemage. Tana tare iska daga ƙirji har yatsu, kuma fitila tana bin inda ka juya kai, abin da ke da amfani a lungu da hanyar ƙauye da dare.

Sai dai nauyinta duka yana kan tuƙi. A babban mashin mai kilo 300 da ɗoriya, mai kaurin shok da faɗin taya, ana jure wannan. A Boxer kuwa, ƙara kilo huɗu ko biyar a gaban wuyan mashin yana sa kai ya yi nauyi a tafiyar hankali, ya riƙa faɗawa cikin kwana. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne rawar kai, wato kan mashin ya riƙa kaɗawa hagu da dama da kansa, wadda ta kan taso tsakanin kilomita 60 zuwa 80, musamman lokacin da aka saki totur. Tana ƙaruwa idan an labta kaya a baya, domin buhu biyu a kan kariya suna ɗage nauyi daga tayar gaba, ga kuma garkuwa tana kama iska a sama. Ƙanana irin waɗanda ke rufe fitila da mita kaɗai ba su da wannan matsala, amma su ma kariyarsu kaɗan ce: suna sauke iska daga ciki zuwa tsakiyar ƙirji, ragowar kwalliya ce.

Garkuwar firam

Ita ce amsar masu doguwar tafiya da gudu. Craig Vetter a Amurka ya fara sayar da tasa mai suna Windjammer a 1971, ana ɗaura ta a mashinan Honda da BMW da sauransu. A 1976 kamfanin BMW ya fito da R100RS da cikakkiyar garkuwa da aka gwada a ramin gwajin iska, inda ake busa wa mashin iska mai ƙarfi, a 1980 kuma Honda ta fito da Gold Wing Interstate, Harley-Davidson ta fito da Tour Glide. Dukkansu a firam garkuwar take. Turin iska yana shiga jikin mashin, kai yana nan sakayau a hannu, tirela ta wuce sai ka ji mashin ya ɗan karkata gaba ɗaya maimakon kai ya fizge. Idan an tsara ta da kyau, tana rage jan iska a babban gudu, har shan mai ya ɗan ragu.

Ƙara ta a mashin da ba a ƙera shi da ita ba aiki ne babba. Ana bukatar ƙarfen riƙo da zai kama wuyan firam ko bututun da ke gangarowa gaban inji, a ciro fitila da sigina daga shok a mayar da su jikin garkuwa, a ƙara tsawon wayoyi, sau da yawa a sauya wurin madubi. Dole kai ya samu filin juyawa a cikinta har ƙarshe, kuma sau da yawa ba ya samu, sai mai mashin ya rasa wani ɓangare na karya kai, juyawa a ƙunci ta gagare shi. Fitila kuma ba ta ƙara bin kai.

Wurin da mutane ke ɓata mashin shi ne walda. Wuyan firam shi ne wurin da ya fi ɗaukar wahala a duk jikin mashin, kuma zafin walda yana raunana ƙarfen da ke kewaye da ɗinkin, tsagewa ta biyo baya inda ido ba ya gani. Maɗaurin noti da ke rungume bututu ya fi. Idan babu makawa sai an yi walda a wani wuri, a cire tanki, a cire batir, a zare akwatin wutar inji tukuna. Ra'ayina a nan a tsaye yake: mashin da bai kai cc 250 ba, kuma gudunsa na yau da kullum bai wuce kilomita 80 zuwa 90 ba, bai cancanci wannan wahala ba. Boxer BM150 ƙarfin doki 12 ne ko kusa da haka, na cc 100 kuma kusan 8. Nauyin garkuwa da ƙarafanta zai ci daga ɗan ƙarfin da ake da shi, kuma gudun da za a ci ribar santsinta mashin ba ya kaiwa can.

Tsawo da kwanciya sun fi iri muhimmanci

Kowane iri ka zaɓa, abin da zai sa ka so shi ko ka cire shi bayan mako guda shi ne inda bakin gilashin na sama ya tsaya. Bayan gilashi akwai wurin da iska ta yi ƙaranci, iskar da ta tsallake sama da wadda ta biyo ta ƙasan tanki suna rige-rigen cike shi, sai su zama guguwa. Idan wannan guguwa ta faɗa daidai hular kwano, kanka zai riƙa kaɗawa, gani ya riƙa rawa, kunne ya cika da ƙara. Mutane da yawa suna ganin gilashin ne ya yi gajarta, su sayi dogo, abin ya ƙaru. Iska mai santsi a fuska ta fi guguwa a ƙeya sauƙi nesa ba kusa ba.

Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce bakin gilashi ya tsaya tsakanin leɓen sama da kan hanci, kana zaune yadda ka saba zama bayan tafiyar awa guda, wato ka ɗan saki baya, ba ka miƙe kamar mai ɗaukar hoto ba. Ta saman gilashi za ka duba hanya, ka hango ƙasa daga kamar mita 15 a gabanka. Wannan ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da wurare da yawa, domin ƙurar hunturu tana rufe gilashi cikin ɗan lokaci, ruwan damina da laka ma haka, kuma ba shi da abin share ruwa irin na mota. Wanda ke duba hanya ta cikin gilashi mai ƙura da dare, fitilar mota ta haske shi, bai ga komai.

Yadda za ka auna: sauke mashin daga jaki, ka hau, wani ya riƙe sanda daga saman fitila, ya kwantar da ita daidai kwanciyar shok, ya yi alama inda ta yi daidai da hancinka. Wannan shi ne tsawon da kake nema. Idan kana son tabbaci, yanka kwali mai kauri a wannan girman, ɗaure shi da salatif, ka gwada a hanyar da ba cunkoso a gudu matsakaici. Kwanciyar gilashi ta bi ta shok. Wanda ya miƙe tsaye yana kama iska kamar faifai yana rage gudu, wanda ya kwanta da yawa yana zuba iskar a wuyanka.

Idan an ɗaura kuma guguwa ta dame ka, akwai gwaji mai sauƙi. A hanya miƙaƙƙiya wadda ba kowa, ɗaga hannun hagu ka sa shi a gefen tanki, sannan a gaban ƙirji, sannan a saman gilashi. Inda ka sa hannu ƙarar ta ragu, daga nan iskar ke shigowa. Idan daga ƙasa ne, maganin shi ne ƙananan farantai a gefen shok. Sau da yawa kuma barin tazarar santimita 2 zuwa 3 tsakanin fitila da ƙasan gilashi yana gyara komai, domin iskar da ta bi ta bayan gilashin tana cike wurin da ya yi ƙaranci. Idan daga sama ne, sauya kwanciya da kaɗan kaɗan, ko ka ƙara ɗan leɓe da ake maƙalawa a baki. Ko da komai ya daidaita, ƙarar iska a cikin hula a gudun kilomita 100 tana wuce desibel 90 a ma'aunin ƙara, abin da ke cin ji a hankali, don haka abin toshe kunne yana da amfani a doguwar tafiya.

Kayan da aka yi shi da shi

Gilashin mashin ba gilashi ba ne na gaske, kuma kada a taɓa yanko na taga ko na mota a ɗaura. Roba iri biyu ake amfani da su. Akirilik ya fi haske, ba ya saurin yin rawaya a rana, ana iya goge ƙananan ƙarce su ɓace, kuma ya fi araha, amma yana tsagewa, idan ya fashe kuma yana barin baki mai kaifi. Polikabonet ya fi shi jure duka sau da yawa, dutse ya buge shi sai ya lotsa bai fashe ba, amma yana saurin ƙarcewa kuma rana tana mayar da shi rawaya idan ba a shafa masa abin kariya daga masana'anta ba. Ga hanyar da ke da tsakuwa da ramuka, polikabonet mai shafi shi ne zaɓi. Kauri kada ya gaza milimita 3 a gajere, 4 zuwa 5 a dogo. Siriri yana lanƙwasawa baya a gudu, tsawon da ka auna ya tashi a banza.

Jikin garkuwa kuma ko robar ABS ce ko faiba. ABS ba ta da nauyi kuma tana ɗan lanƙwasa. Faiba ta fi nauyi, amma duk mai gyaran jikin mota zai iya like ta idan ta fashe.

Ƙurar hunturu tana ci kamar sanfefa. Kada ka share gilashi a bushe, ko da hannun riga. Zuba ruwa ya tafi da ƙurar, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma mai laushi na minti biyar idan akwai ƙwari da suka bushe, sannan ka wanke da ruwan sabulu mai sauƙi. Fetur, tina da ruwan wanke gilashin taga mai amoniya suna sa roba ta yi hazo da ƙananan tsaga, kuma ba gyara. Wani abin da ba kowa ya sani ba: lanƙwasasshen gilashi a tsakar rana yana iya tara haske a wuri guda ya narkar da robar mita. Ajiye mashin a inuwa, ko ka yafa wa gilashin tsumma.

Wurin ɗaurawa

Tsagewa kusan kullum daga ramin noti take farawa. Ramin ya fi notin faɗi da milimita ɗaya ko biyu, a sa zoben roba a ciki da washa ta roba a kowane gefe, domin roba tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi fiye da ƙarfe. Noti mai milimita 5 ko 6 ya isa, a ɗaure har robar ta ɗan kumbura a tsaya. Ruwan da ake ɗigawa don hana noti kwancewa yana cin polikabonet da ABS, a yi amfani da noti mai roba a ciki maimakonsa. Idan za a rage tsawo, a rufe wurin da salatif na takarda ta fuska biyu, a zana layi, a yanka da zarto mai ƙananan haƙora a hankali, a goge bakin da sanfefa 120, sannan 220, sannan 400 har ya yi sumul ba kaifi.

Kafin ka hau titi, tayar da inji ka bar shi a silo, ka karya kai hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe. Idan ƙarar inji ta tashi, wayar totur ta ja, a sake mata hanya. Duba ko gilashi yana taɓa tanki ko madubi, ko hannun birki da na kuloci suna matsuwa har ƙarshe. Kama birkin gaba ka danna shok da ƙarfi, ka ga ko wani ƙarfe yana dukan madigadi. Ɗaga tayar gaba ka girgiza shok gaba da baya: idan akwai motsi ko kai yana sarƙewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya ci, a gyara shi tukuna, domin shi da ƙarancin iskar taya su ne ke mayar da ƙaramar rawar kai babba. Da dare, idan hasken fitila yana hawa cikin gilashi yana dawo maka ido, shafa baƙin fenti ko salatif a bakinsa na ƙasa. Bayan tafiyar farko ta kamar kilomita 50, sake bin notuna duka.

Hannu, ƙafa, da watannin zafi

Gilashin kai ba ya rufe yatsu. Garkuwar hannu ta roba, wadda ake ɗaurewa a notin madubi ko a ƙarshen bututun kai, ita ce abin da ya fi kowane biyan kuɗinsa a hunturu. Bayan ɗaurawa a murɗa totur a saki, dole ya koma da kansa nan take. Jakar hannu ta yadi da ake zura hannu ciki ta fi ɗumi, amma ba tare da garkuwa mai tauri a ƙarƙashinta ba, iska tana iya tura ta ta danne hannun birki ko kuloci kana cikin gudu.

Ƙafa kuma masu roba-roba sun riga kowa, domin farantin da ke gaban gwiwa, wanda Honda Super Cub ya zo da shi tun 1958, yana tare sanyi da feshin ruwa. A mashin irin Boxer ana ɗaura faranti ko tamfal a ƙarfen kare ƙafa. A nan ne hattara ta zama dole. Waɗannan injina iska ce ke sanyaya su, ba ruwa ba. Duk abin da ya rufe gaban silinda yana hana ta numfashi, kuma a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sakamakon shi ne baƙin mai ya tsinke, ƙarfi ya ragu, fistin ya kama. Farantin ya tsaya a gefe daidai ƙauri, tsakiya a bar ta a buɗe, kuma a cire shi da zarar sanyi ya wuce.

Shi kansa gilashin a bazara yana da fuska biyu. Idan iska ta fi fatar jiki zafi, wato ta wuce digiri 35 ko makamancin haka, bugunta ba ya sanyaya mutum, ƙara masa zafi yake yi yana busar da shi, don haka a buɗaɗɗiyar hanya gilashi yana taimako ko a bazara. A cikin gari kuwa, a cunkoson Sabon Gari ko Kantin Kwari, yana hana ɗan abin da ke kaɗawa isa ƙirji. Cikakkiyar garkuwar firam mai rufe ƙafa ta fi muni a nan, domin tana tara zafin inji a cinya, kuma ba a cire ta da sauƙi. Mai ɗaukar fasinja ya sani kuma cewa iskar da ta tsallake shi tana haɗuwa a bayansa, daidai fuskar wanda ya goya, tare da ƙura.

Ga mai cc 100 zuwa 150 da ke zirga-zirga tsakanin gari da ƙauye duk shekara, haɗin da ya fi dacewa shi ne gilashin polikabonet mai tsawon santimita 35 zuwa 45 da maɗauri huɗu, garkuwar hannu, da farantin ƙafa na watannin sanyi da damina kaɗai. Mai yawan ɗaukar kaya a baya ya tsaya a gajeren. Garkuwar shok mai faɗi ta manyan mashina ce masu nauyi. Wanda kuma ke da cc 400 ko sama, yana bin Kaduna zuwa Abuja ko Zinder zuwa Yamai da gudun kilomita 100 da ɗoriya, garkuwar firam ce tasa, kuma idan bai riga ya sayi mashin ba, sayen wanda ya fito da ita daga masana'anta ya fi ƙera ta a gareji sauƙi da aminci.